Na Gan Ka a Bayan Ginshiƙi

Zuwa gare ka, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, zumar da ba ta gundurar harshe, maigidana kuma abokin faɗana, Baban Auta.

Gaisuwa mai yawa, mai daɗi kamar ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka. Ina fatan ɗakunan sanyin da ka tafi gyarawa ba su daskarar min da kai ba, domin mutumin da na ba su aro mai ɗumi ne, kuma haka nake so a dawo min da abina.

Na kira ka a waya, ka ce inji na ƙara, ba ka ji. Na sake kira, ka ce hannunka duk baƙin mai ne. To ga takarda. Takarda ba ta tsoron ƙarar inji, ba ta kuma ƙyamar baƙin mai. Ka nemi benci ka zauna, ka sa tabaran nan da kake cewa ba ka buƙata, ka karanta abin da matarka ta ƙunso tun ranar Asabar har yana neman fasa mata ƙirji.

Na gan ka, masoyina. Wallahi na gan ka!

Amma bari in bi da kai ta doguwar hanya, yadda kake bi da waƙa, don in na faɗo maka kai tsaye na san ninke takardar za ka yi ka ce aiki na jiranka.

Ka tuna shagon wanki da guga na bakin titin tasha, inda nake aiki ina budurwa? Dogon tebur da bargo a shimfiɗe, dutsen guga mai nauyi kamar alhaki, tururi yana tashi har ba ka ganin fuskar na kusa da kai. Nan ka shigo min wata safiya, siriri kamar sandar rake, ɗauke da jar kwat mai sheƙi a hannu kamar wanda ya ɗauko jariri. Ka ce, "'Yan mata, a bi ta a hankali, ita kaɗai gare ni, kuma da ita nake hawa dandamali." Na ce, "In kana tsoro, ka koma da abarka ka danne ta a ƙarƙashin katifa." Ka yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai ina yayyafa ruwa a kan rigar wani, kamar ban damu ba.

Daga nan kwat ɗin ta zama 'yar gida. Kowane mako sai ta zo, kullum a yamutse kamar an kwato ta daga bakin akuya. Har mai shagon ya ce min, "Yarinya, wannan mawaƙin zama yake yi a kan kwat ɗin nan kafin ya kawo ta. Ba guga yake nema ba."

Sai ranar da rediyon shagon ya kira sunanka. Ya Allah! Sautin ogan ya fara shigowa can ƙasa-ƙasa, kamar gari yana wayewa. Jitar bes ta biyo shi tana taku ɗai-ɗai, ba ta sauri, kamar dattijon da ya san inda za shi. Ƙaho ya yi ajiyar zuciya. 'Yan amshin nan mata suka shimfiɗa maka murya kamar tabarma, kana kai ka tako a kai, da muryar nan taka mai ɗan ƙaiƙayi, mai roƙo, ka ce, "Mai guga, kar ki ƙona min riga, abin da ke ƙarƙashinta ya riga ya ƙone." Duk shagon aka juyo ana kallona. Ina ne zan sa fuskata? A tsakiyar waƙar kuma kiɗa ya ɗauke gaba ɗaya, aka bar ka kai kaɗai, ka ja "mai guga" ɗin nan, ka ja, ka ja, kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi, har na ji numfashina ne zai ƙare kafin naka.

Salon sol kuke ce wa wannan kiɗa, kai da abokanka. Ni ban san sunansa ba a lokacin. Na dai san cewa wanda ya iya roƙo haka a gaban duniya, ba a barinsa ya tafi hannu rabbana.

Rediyo ya yi yayin waƙar na ɗan lokaci, sannan duniya ta yi gaba kamar yadda ta saba. Ka rataye kwat, ka ɗauki sifana, ka ciyar da mu da gyaran firij da injin sanyi, ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba. Waƙar ta koma zama a gida tare da mu. Da ita kake wanke mota, da ita kake lallashin yara in zazzaɓi ya hana su sakat. Autarmu a kafaɗarka ta haddace ta tun ba ta iya kiran sunanta ba. To me ya ba ka mamaki da ta girma ta ɗauki jitar lantarki, ta tara abokanta, suka ce kiɗan rok za su yi, kuma waƙar da ta fara zuwa bakinta ita ce taka? Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?

Ba zan manta da yammacin Lahadin nan ba. Yarinya ta shigo falo tana murmushi, ta ajiye 'yar lasifika a kan tebur kusa da kofin shayinka ta ce, "Baba, ga tsaraba." Ganguna suka fashe, jita ta yi kururuwa, hoton aurenmu ya karkace a bango. Na ga girarka ta hau sama, ta sauko, ta haɗe. Ka ce, "Wannan waƙa ce, ko babbar mota ce ta faɗa shagon kwanuka?" Ta ce, "Baba, ka ji har ƙarshe mana." Ka ce, "Abin da na ji ya ishe ni. Na lallaɓa waƙar nan kamar ƙwai, kin zo kin kora ta da gudu kamar ɓarawon kasuwa." Ta ɗauki lasifikarta ta fita, ba ta ko buga ƙofa ba, kuma ka san in Auta ta rufe ƙofa a hankali to abin ya kai ƙashi.

Kwana kaɗan sai ga shi ka karɓi aikin nan na nesa, wanda da bakinka ka ce ba za ka je ba don gwiwarka ba ta son sanyi. Ka ce min aiki ne. Na ce Allah ya tsare. Wa kake yi wa wayo, hasken raina? Ni da na san tarinka na gaske da tarinka na neman magana?

Da gida ya yi min faɗi, sai na yafa mayafi wata rana da azahar na tafi inda suke gwaji, wani gareji a bayan shagon mai faci. Tsofaffin tayoyi a jingine, wayoyi a ƙasa kamar macizai, sun manna kwalayen ƙwai a bango wai don kar ƙara ta dami maƙwabta. Mai gangarsu, wani ƙato da suke kira Guduma, ya share min kujera da rigarsa ya miƙo min auduga. Ya ce, "Mama, ki toshe kunne, ba mu da tausayi." Na ce, "Ɗana, na yi rainon yara huɗu a ɗaki biyu. Buga abinka."

Ya buga. Wayyo, Baban Auta! Ban ji ta a kunne ba, a ƙirji na ji ta. Kujerar tana rawa, haƙorana suna rawa, 'yarka ta tsaya da ƙafa a ware, gashi a fuska, tana watso kalmominka kamar mai watsa garwashi. Inda kai ka roƙa, ita umarni take bayarwa. Inda ƙahonka ya yi ajiyar zuciya, jitarta ihu take yi. Har ta ƙara abin da babu a taka: bayan ta ce kar a ƙona riga, sai duk su amsa da ƙarfi, "Bar ta ta ƙone!" Na so in ɓata rai saboda kai, na rantse na so. Sai na duba ƙasa na ga ƙafata ta riga ta ci amanarka.

A nan, a kan kujerar roba, tsakanin tayoyi, na gane abin da na kasa gaya maka shekara da shekaru don ba ni da kalmominsa. Kai ka rera abin da ka ji a ranar da ka tsaya a gaban teburina: tsoro, da lallashi, da zuciya mai tafiya a kan yatsu kar ta tashi mai barci. Gaskiya ka faɗa, kuma babu wanda zai faɗe ta kamarka. Amma ka taɓa tambayar me ke faruwa a ɗaya gefen teburin? Ka ga yarinya ta sunkuyar da kai tana yayyafa ruwa, ka ɗauka tafki ne kwance. Ina! Ganguna ne a ƙirjina, masoyi. Tsawa ce, guguwa ce, jini yana gudu a kunnena har ba na jin abin da mai shago ke faɗa. Da za a sa lasifika a zuciyata a ranar, da ba ogan za a ji ba, Guduma za a ji. Kai ka yi waƙar mai kwat. 'Yarka, ba tare da ta sani ba, ta yi waƙar mai guga.

Taka kamar kogi ce a ƙarshen damina, cike, shiru, mai zurfin da ba a gane shi sai an shiga. Tata kuwa ruwan sama ne a kan kwano, mai sa yara su fita tsakar gida suna tsalle. Taka a zaune ake jinta, a lumshe ido, a tuna wani. Tata ba ta barin mutum ya tuna komai, sai dai ya tashi. A taka kowace kalma tana da ɗakinta, tana shiga ta zauna ta miƙe ƙafa. A tata kalmomin turereniya suke a bakin ƙofa, wasu ma ba a jin su, kuma na gaya mata hakan, ban ɓoye ba. Na ce baiti na biyu ta haɗiye rabinsa kamar mai jin yunwa. Ta yi dariya ta ce za ta gyara.

Sai suka iso tsakiya, wurin da kake jan dogon numfashin nan. Kiɗa ya ɗauke ɗif. Na jira in ji wa zai ja. Babu kowa. Suka tsaya shiru, kowa da kayan kiɗansa a hannu, har ina jin mai faci yana buga ƙarfe a waje, sannan suka sake fashewa. Da suka gama na tambaye ta ko mantuwa suka yi. Ta goge zufa ta ce, "Umma, mun gwada. Na gwada da murya, an gwada da jita. Duk wanda ya shiga wurin sai ya zama kamar yaro ya zura takalmin babansa. Wurin Baba ne. Mun bar masa." Ka ji abin da ka ƙi tsayawa ka ji, mai taurin kai, abin ƙaunata! Da ka ƙara haƙuri kaɗan a falo, da ka ji yadda 'yarka ta kashe duk ƙarar duniya don ta bar maka wurin zama.

Ban gaya maka a waya ba. Na dai ce ranar Asabar da la'asar za su yi wasa a zauren kwaleji, ka ce Allah ya ba da sa'a, kai kana da injin da ya ƙi tashi.

Ranar ta zo. Zaure ya cika da samari da 'yan mata, rana tana shigowa ta tagogin sama tana haska ƙurar da ƙafafunsu ke tayarwa. Aka ba ni kujera a gaba, ni kaɗai ce mai furfura a layin. Ana cikin waƙa ta biyu ƙishi ya kama ni, na waiwaya ina neman mai sayar da ruwa. Can baya, kusa da ƙofa, a bayan ginshiƙi, sai ga wani mutum ya ja hula har gira, ya naɗe hannu a ƙirji, yana harare-harare kamar wanda aka aiko ya kama mai laifi. Fuskar ba ta fito sosai ba. Amma karin da ke hannun rigarsa, wannan karin mai kaifi kamar wuƙa, hannuna ne ya yi shi, kuma ko cikin dubu zan gane aikina. Zuciyata ta yi tsalle kamar 'yar maraƙi! Na juyo da sauri na kama bakina da mayafi, kar dariya ta tona mana asiri.

Da suka fara waƙarka, na saci kallo. Hannu yana naɗe, fuska a murtuke, amma ƙafar dama, wannan mai ciwon gwiwar, tana bin Guduma bugu da bugu. Ashe cin amanar ƙafa a gidanmu gado ne!

Sai tsakiya ta zo. Kiɗa ya ɗauke. Zaure ya yi tsit, yaran suna kallon juna, ba su san me ake jira ba. Ni na sani, na riƙe numfashi, ina addu'a ban ma san me nake roƙo ba. Daga can baya, ba makirufo, ba ogan, ba 'yan amshi, sai muryar nan ta taso. A hankali ta fara, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da yake shakkar za a buɗe masa, sannan ta miƙe, ta cika zauren har rufi. "Mai guga..." Ya Rabbi! Duk kawuna suka juya. Tsigar jikina ta tashi, shekaruna suka zube a ƙasa kamar mayafi, na koma yarinyar nan mai yayyafa ruwa a kan rigar wani. Guduma ya daskare da sanduna a sama, baki buɗe. Auta ta dafe jitarta, hawaye na gudu, tana dariya, sai da ta daka masa tsawa kafin ya tuna aikinsa. Da suka fashe kuwa, ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Na tashi na yi rawa, Baban Auta, a gaban 'ya'yan mutane, kuma ban ji kunya ba ko ta ƙwayar gero.

Kafin in ratsa taron in iso ginshiƙin, ka sulale. Bayanka kawai na hango a bakin ƙofar kwaleji, kana ɗingishi da sauri kana tsayar da mota kamar wanda ya yi sata. Me ka sata, in ba zuciyar da ta daɗe a aljihunka ba?

Na san abin da ya kore ka. Muryar ta ɗan karye a ƙarshe, kuma ka ji, kuma kana can kana cin kanka kana cewa ka tsufa, ka ba da kanka a gaban yara. To saurara. Na ɗauko tsohon faifan na sa jiya da hantsi ina share falo. A nan ma ta karye, a daidai wurin, kana saurayi mai jar kwat. Kai ne ka manta. Wannan 'yar karyewar ita ta sa na ce wa mahaifina na yarda. Mai murya sumul yana da yawa a rediyo. Wanda muryarsa ke karyewa don abin da yake faɗa ya fi ƙarfinsa, shi ne ba a samu a kasuwa.

Da muka dawo gida, 'yarka ta zauna a ƙasan kicin da takalmanta, ta jawo tukunya tana ci da cokalin miya, tana ta maimaitawa, "Umma, ya zo. Kin ga ya zo?" Abokanta kuwa sun ɗauka shiri ne, wai dabara ce aka ɓoye dattijo a bayan zaure. Kowa tambaya yake a ina aka samo shi. Na ce musu ni ma a bakin titi na tsince shi, kuma ba na bayarwa.

Kana so in yanke hukunci, na sani, don kai ba ka barin magana a rataye. Wacce ta fi? In rana ta yi sanyi, na gama aiki, na zauna ina kewarka, taka nake sawa, kuma ita zan sa har ranar da kunnena zai daina ji. In na tashi da safe jikina ya yi nauyi, ga wanki ga shara, tata nake sawa, in ga aiki yana gudu. Amma wadda ta fi duka, sau ɗaya tak aka taɓa yin ta a duniya, ranar Asabar, lokacin da uba da 'ya suka riƙe waƙa ɗaya, kowa da gefensa, ni kuma ina tsakiya. Wace mace aka yi wa haka? Wace sarauniya?

Ka dawo, ruwan sanyin ƙishina. Ka dawo, wata mai haska tsakar gidana. Ka ƙarasa musu injinsu, ka wanke hannu, ka hau motar farko. Ba sai ka ba kowa haƙuri da baki ba, mun san ba ka iya ba, kuma abin da ka yi a bayan ginshiƙi ya fi haƙuri dubu. Gefenka na gado ya yi sanyi, fankar ɗaki ta koma ƙara tun da ta ji ba ka nan, ni kuma ba ni da wanda zan yi wa gardama, har bakina ya fara tsami.

Ni taka ce tun kana siriri har ka yi tumbi, taka ce da murya da babu murya, a hankali ko da gudu, a kowane salo duniya ta ga dama ta rera mu. In an sake ba ni rayuwa aka jera min maza, zan leƙa bayansu in nemo mai ɓuya, in kamo hannunsa. Haka nake, haka zan kasance, har numfashina na ƙarshe.

Matarka, mai ƙaunarka ba gajiya,
Maman Auta.

Na zo ninke takardar sai ga 'yarka ta fizge biron, wai tana da saƙo. Ga shi da hannunta, ni ba ruwana:

Baba, ka yi kyau, amma ka makara da bugu ɗaya wajen shiga. Gwaji ranar Talata ne da azahar, a bayan shagon mai faci. Kar ka makara a wannan ma.